Sha Ukun da Ke Jikin Filogi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ka cire abin da ba a rasa ba. Ya aiki, ya zaman daji? Direban motar da ke kai muku kayan abinci ya ce ka yi baƙi ka rame, wai har ana iya rataye riga a ƙashin wuyanka. Ban gaya wa Inna ba. Ce mata na yi ka yi ƙiba har ba ka iya sunkuyawa, Allah ya yafe mini.

An sallamo Inna daga asibiti. Huhun ne dai, kuma likita bai ɓoye mini ba, ya ce ba warkewa za a yi ba, lallaɓawa za a yi. Sun haɗo mu da wani inji mai tace iska, yana ba ta ta siririn tiyo a hanci. Girmansa bai wuce ƙaramar durowa ba, amma gurnaninsa ya fi shi girma. Inna ta raɗa masa suna Mai Minshari, wai tun da Baba ya rasu ba ta sake samun abokin kwana mai ƙara irin wannan ba. Dariyar ma sai da ta sa ta tari. Nas ɗin da ta nuna mini yadda ake kunna shi ta ja mini kunne sosai cewa kada ya tsaya. Akwai 'yar tukunyar iska da suka ba mu don ranar da aka ɗauke wuta, amma ba ta da auki, kuma wurin da ake cika ta da nisa. Saboda haka yanzu duk rayuwar gidan nan tana rataye ne a jikin soket ɗaya, wanda ke bayan gadon Inna.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ba zan iya zama a shago in bar ta ita kaɗai ba, ɗinki kuma ba zai ɗinka kansa ba. Sai na kwaso shagon na dawo da shi ɗakinta. Keken ɗinki na jikin taga, teburin guga na bakin ƙofa, buhun ƙyallaye kuma na tura shi ƙarƙashin gado. Keken dai na ƙafa ne, ba ruwansa da wuta. Dutsen guga ne damuwata. Na sayo doguwar wayar nan mai baki huɗu, na jona ta a soket ɗin, na sa Mai Minshari a baki ɗaya. Kullum in na ɗauki filogin dutsen guga zan sa a baki na biyu, sai gabana ya faɗi, in fasa. Kaya sun taru ba guga, matar mai kemis da ta kawo ɗinki har ta fara yi mini kallon banza.

Tun da Allah ya ba mu malamin lantarki a gida, ai bai kamata mu zauna cikin duhu ba. Na kwafo maka abin da ke rubuce a jikinsu. Dutsen guga, wat 1100. Mai Minshari, wat 440. Kowannensu an rubuta 220 a gefe. A jikin filogin doguwar wayar kuma akwai 13. Za su iya zama a waya ɗaya ko ba za su iya ba? Ka ba ni amsa irin ta mutane, Malam, ba irin wadda kake ba ɗalibanka ba.

Na gwada kiranka har na gaji, kullum sai matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunka. Inna ta ce gara ma wasiƙar, don ita ana iya maimaita mata. Tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ina lafiya, kuma direban nan maƙaryaci ne, riga ce ta yi mini yawa. Ki gaishe mini da Inna, ki riƙe hannunta ki ce in ji ni. Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya biya ki. Na san abin da kike ɗauke da shi, ko da ba ki faɗa ba. Nan sabis sai an hau dutse, in an hau ma sai an yi sa'a, kuma ba za su sake ni ba sai mun gama kafa turakun wannan layin wutar.

Ga amsa irin ta mutane: eh, za su iya. Ki sa dutsen gugarki tare da injin Inna, hankalinki kwance. Sha ukun da kika gani a jikin filogi ita ce iyakar abin da wayar za ta iya ɗauka, kuma a cikin filogin akwai ɗan ƙaramin fis da ke gadin wannan iyaka. Waɗannan biyun ba za su dame shi ba.

Amma Yaya, ke ce fa. Ke da kika koya mini raba lamba da 'ya'yan dabino a kan tabarma, ke da malamin lissafi ya biyo har gida yana roƙon Baba lokacin da kika bar makaranta kika hau keke don mu mu ci gaba. Ba zan iya ba ki “eh” tsirara in tafi ba. Ɗalibaina a nan, in na ce su haɗa ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku, sai su ce mini biyu bisa biyar, su kuma tsaya jiran yabo. Bari in huta da mai kai ko da a takarda ne.

Kowane abin da ke aiki da wuta yana da turjiya, wato yadda yake tare wa wuta hanya. Don ki san ta, ki ninka 220 sau 220, za ki samu 48,400, sai ki raba da lambar wat ɗin da ke jikin abin. Na dutsen guga zai ba ki 44, na Mai Minshari 110. Yadda kika jona su a doguwar wayar nan, ba a jere suke kamar sarƙa ba, kafaɗa da kafaɗa suke, kowa da hanyarsa zuwa ga wuta. Shi ya sa in kin kashe dutsen guga injin ba zai ko yi tari ba.

To, idan ana son a san turjiyarsu gaba ɗaya, ba a cewa 44 a tara da 110. Kifar da kowace za ki yi, ta zama ɗaya bisa 44 da ɗaya bisa 110, ki haɗa su, abin da kika samu ki sake kifar da shi. Ke da kike yanka yadi da ɗaya bisa takwas na inci, wannan ai shan ruwa ne. Ba zan faɗa miki amsar ba. Abin da zan faɗa miki kawai shi ne za ki yi mamaki, don za ta fito ƙasa da ƙaramar cikinsu. Ki tuna babban ɗakin taro na makarantarmu in an tashi. Ƙofa ɗaya a buɗe, ana ta turereniya. A buɗe ta biyu, turereniya ta ragu. A buɗe ta uku, ta ƙara raguwa. Haka turjiya take, duk abin da aka ƙara a gefe sai ta sauka.

Wannan rabin darasin ne. Sauran rabin, wato yadda ake tashi daga wannan amsa a gano yawan wutar da ke bi ta cikin waya, shi ne ya fi daɗi, amma direba na ta danna mini oda kamar na ci masa bashi, ya ce hadari ya haɗo kuma ba zai kwana a hanya saboda ni ba. Ki yi wannan ki aiko, in duba miki, sai in aiko da na biyu.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Malam Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, jikin Inna da sauƙi, har tana iya zama a jingine ta yi mini gyaran ɗinkin da ba ta iya ba. Da fatan kai ma kana lafiya, kuma rigar da ta yi maka yawa ta fara cika.

Na ce ka ba ni amsa irin ta mutane, ka ba ni, sannan ka ɗora mini aikin gida a kai. Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Rabon da wani ya tambaye ni abin da ba awon ƙugu ba har na manta. Na zauna da allin tela a kan teburin guga, na mai da su duka bisa 220. Na dutsen guga ya zama biyar, na Mai Minshari biyu, bakwai ke nan bisa 220. Na kifar, na samu 31 da 'yar ɗoriya. Ƙasa da 44 kamar yadda ka ce. Sai na ji kaina ya yi wasai kamar an buɗe taga.

Da ka ga Inna. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa 'yarta ta koma makaranta ta wasiƙa, kuma autanta ne malamin. Ta sa na karanta mata wurin nan na 'ya'yan dabino har na haddace. Ta ce in gaya maka ka duba da jan biro, kuma kada ka yi mini rowar maki don na taɓa dukanka.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Ka ce sha uku ce iyaka, ni kuma ga shi na samu talatin da ɗaya. Na san ka ce hankalina ya kwanta, amma mai jinya ba ta da kwanciyar hankali. Ina cikin wannan tunani sai Allah ya kawo mafita. Ka san an hana mu kunna risho ko gas kusa da injin, saboda haka duk sanda zan ɗora mata romo ko ruwan zafi sai na fita tsakar gida, kunnena na ɗaki. Matar mai kemis, da ta ga na gama mata kayanta, sai ga ta da rishon lantarki, wai ba ta amfani da shi. Ba harshen wuta, ba hayaƙi. Na ajiye shi can bakin ƙofa nesa da gado. Kafin in jona shi a doguwar wayar sai na ce bari ɗaliba ta gwada iliminta. A jikinsa an rubuta wat 2200, na raba na samu 22. Ɗaya bisa 22 goma ke nan bisa 220. Biyar da biyu da goma, sha bakwai bisa 220. Na kifar. Auta, ka san abin da ya fito? Sha uku saura ƙiris! Ya sauko daga talatin da ɗaya ya zauna a ƙasan iyakar, har da ɗan sarari. Ashe gaskiya ne, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yanzu in zan yi guga ma sai in ɗora wani abu a rishon, don lambar ta zauna a ƙasa.

Abu ɗaya ne ya ba ni tsoro, shi ma na yi maganinsa. Fis ɗin nan naka mai gadi ya ƙone, ina tsakiyar guga sai na ji Mai Minshari ya yi shiru. Kafin in haɗa 'yar tukunyar iskar, Inna ta fara buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, idanunta a kaina. Ba na son in sake ganin wannan kallon har in mutu. Na sayo sabo, shi ma bai daɗe ba ya bi ɗan'uwansa. Tun da lissafi ya nuna ban wuce iyaka ba, na san fis ɗin ne na yanzu ba su da aminci, komai ya zama jabu. Sai na yi irin ta Baba, na fere tsohuwar waya na naɗe wurin da jan ƙarfe, na ninka shi da kyau. Tun ranar ko tari injin bai sake yi ba.

Magen gidan nan ma ta samu rabonta. Wayar tana ɗan ɗumi a inda ta bi ta ƙarƙashin gado, sai ta mai da wurin masaukinta, tana kwanciya a kan buhun ƙyallaye kamar wadda ta biya haya. Inna ta ce duk gidan ita ta fi mu wayo.

Ina jiran makina da darasi na biyu. Inna na tambaya yaushe za ka zo, na ce mata in turaku sun ƙare. Ta ce turakun duniya ba sa ƙarewa.

Ɗalibarka, kuma Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya, Allah ya sa. Kafin ki karanta layi na gaba, ki tashi ki zare filogin rishon nan. Ki tashi yanzu. Ki janye buhun ƙyallayen daga ƙarƙashin gado, ki fitar da shi daga ɗakin. Ki jona injin Inna shi kaɗai a soket ɗin bango, doguwar wayar kuma ki yar da ita, kada ki ba kowa. Guga ki koma yi a shago ko a bar ta. In kin gama sai ki dawo ki karanta sauran.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, mota ba ta shigowa, sai jiya wani mai babur ya tsallako da jakar wasiƙu a ka. Da na zo wurin mage ko ƙarasawa ban yi ba na ɗauki biro.

Lissafinki daidai ne, babu kuskure ko ɗaya, kuma shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Amma sha ukun da kika samu da sha ukun da ke jikin filogi ba jinsi ɗaya ba ne, kamar a ce inci sha uku da yadi sha uku. Taki turjiya ce. Ta filogi kuwa yawan wutar da ke kwarara ce, wadda muke aunawa da amfiya. Kuma gaba suke da juna, in ɗaya ta sauka ɗaya hawa take. Na ba ki labarin ƙofofin ɗakin taro, ban ƙarasa ba. In an buɗe ƙofa uku turereniya ta ragu, gaskiya ne, amma mutanen da ke fitowa a lokaci guda sun ninka, kuma dukkansu lungu ɗaya za su bi. Lungun nan shi ne wayar da ke ƙarƙashin gadon Inna.

Wannan karon ba zan bar miki aikin gida ba. A raba 220 da turjiyar da aka samu, shi ke nan. Da kina da 31, wutar bakwai ce, shi ya sa na ce ki kwantar da hankali. Yanzu da kika sauko 13, wutar sha bakwai ce, a wayar da ƙarfinta sha uku, in ma masu yin ta sun faɗi gaskiya. Fis ɗin ba jabu ba ne, aikinsa ya yi, ya mutu don kada waya ta mutu. Kin cire mai gadi kin ɗaure ƙofa a buɗe. Ɗumin da mage ke jin daɗi robar wayar ce ke dahuwa a hankali. Haba Yaya, waya ta yi zafi a ƙarƙashin katifa, kusa da injin iska, ki rubuto mini shi a matsayin abin dariya? Irin ta Baba kuma, Allah ya jiƙansa, ai sa'a ce ta raka shi, kuma shi ƙwan fitila biyu da rediyo kawai yake ja.

Na roƙi mutanen ofis su kira lambarki ta na'urarsu. Wannan wasiƙar kuma zan ba mai babur ya miƙa wa direba a tsallaken ruwa. Ki ba ni amsa ko da layi ɗaya ne.

Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Inna. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abinci ba ya wuce mini.

Mai babur ya zo ya koma, ya sake zuwa, babu komai daga gare ki. Ofis sun ce lambarki a kashe take. Na san halinki, in ranki ya ɓaci ba kya faɗa, shiru kike yi ki bar mutum ya dafu da kansa. Na tuna abin da na rubuta, na ga na yi miki magana kamar ɗaya daga cikin ɗalibaina, har da haba. Ke da kike kwana a zaune, ni ina nan ina ba da umarni daga nesa. Ki yi haƙuri. Tsoro ne ya yi magana. Kuma in akwai mai laifi, wanda ya ba da rabin darasi ya tafi ne, ba wadda ta yi aiki da abin da aka ba ta ba.

Na matsa wa shugabanmu har ya yarda, da zarar an gyara gada zan taho hutu. Na sayi naɗin waya mai kauri a wurin mai kula da sitonmu, da soket masu kyau guda uku. Zan ja wa Mai Minshari layinsa shi kaɗai tun daga mita, in ja wa gugarki nata, risho ma nasa, kowa ya ci gashin kansa. Ki gaya wa Inna turaku sun kusa ƙarewa. Na kuma samo jan biro.

Ko zagi ne ki aiko, zan karɓa.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ka nemi wuri ka zauna, ƙanina, kada ka karanta wannan a tsaye. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuwana a naɗe suke, da yatsa biyu nake riƙe biron.

Inna ta rasu. Allah ya karɓi abarsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba fushi nake yi ba. Yau direba ya zo, ya kawo wasiƙunka biyu a tare, ashe ta farkon tana aljihun motarsa tun da aka tura shi wata hanyar. Ko da ta zo da wuri ba abin da za ta hana, don abin ya faru tun tawa tana hanya ba ta kai gare ka ba. Na so a sanar da kai, amma lambar ofishinku tana cikin wayata, wayar kuma tana kan gadon.

Da hantsi ne. Na ɗora mata romo a rishon, dutsen guga a kunne, Inna ta samu barci. Wata mata ta zo a rage mata hannun riga, tana ta atishawa, sai na ƙi shigo da ita don kada Inna ta ɗauka. Na tsayar da ita a zaure ina awo. Ka ga ko a nan Inna nake karewa. Muna cikin magana mage ta wuce ta tsakanin ƙafafuna a guje, sannan na ji ƙaurin roba. Da na ɗaga labule ban ga gadon ba don hayaƙi. Buhun ƙyallaye ne ya fara kamawa, ya ba katifa, siririn tiyon nan kuma wuta na bin sa kamar lagwani. Na fizge shi daga fuskarta, na danne katifar da hannu, na sungume ta. Ba ta da nauyi, Auta, kamar na ɗauki ɗaurin yadi. Maƙwabta suka kashe sauran. Ɗakin kawai wutar ta ci, da keke, da kayan mutane.

Wutar ba ta taɓa ta ba sai kaɗan a gefen kunne. Hayaƙin ne. Huhun da da ƙyar yake ɗaukar iska mai kyau, ina zai kai wannan. Ta yi kwanaki kaɗan a asibiti, gadona na kusa da nata. Ba ta san abin da ya jawo ba, ta ɗauka wutar gari ce ta yi ƙarfi, ni kuma na kasa gaya mata. Ban sani ba ko na kyauta.

A kwance a can na yi ta juya lissafin a kaina, tun da ba ni da abin yi sai kallon silin. Wayar da ta narke ba ta ƙarya, kenan wani wuri na kauce. Kafin wasiƙarka ta zo na riga na gano da kaina. Biyar na dutsen guga, biyu na injin, goma na risho. Sha bakwai ɗin nan tana nan a kan teburin guga da allina, ni na rubuta ta, na dube ta, sannan na kifar da ita da hannuna na yi murna. Da na sani ƙeya ce. Kada ka ce kai ne, na karanta abin da ka rubuta kuma ban karɓa ba. Kai ka ba ni rabin darasi don ka san zan ji daɗinsa, ni kuma na naɗe fis don kada in sake ganin idanunta a kaina. Duk wanda zai yi mana hukunci sai ya fara zama a ɗakin nan. Amma zuciya ba ta jin wannan bayanin, kuma ba na barci.

Likita ya ce yatsun za su warke, sai dai bai yi mini alkawarin allura ba. Ka taho, Auta. Ka taho da wayar taka mai kauri, ɗakin na buƙatarta ko da babu mai minshari a ciki. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba.

Ranar da za ta tafi, da yamma, ta farfaɗo sosai har na sa rai. Ta tambaya ko direba ya zo, na ce tukuna. Ta tattara numfashi, sannan ta ce, “Bai duba miki ba har yanzu? Yaron nan da nawa. In ya aiko ki karanta mini, in ji ko kin ci.”

Ga shi ka aiko. Ka ce lissafina daidai ne, babu kuskure ko ɗaya. Da tana nan, wannan layin kaɗai zan karanta mata, in ninke takardar.

Yayarka.